Yadda Mijinyawa Ya Auna Hanyar Jidda Da Ƙafa

A Karaye, in aka ce wane ya san abu, to ya sani. In kuwa aka ce Mijinyawa ya san abu, duba bakin mai maganar, za ka tarar yana cije leɓe.

Sana'arsa ɗinkin hula ce, amma ba ya so a tuna masa. Abin da yake so a tuna shi ne wani rani guda da ya yi yana riƙe wa malaman awon gona na En'e lema, lokacin da suke bin gonaki suna ƙirga taku. Rani ɗaya tak. Tun daga nan ya maƙala guntun fensir a bayan kunne, bai sake cirewa ba sai in zai yi alwala. Ko tsawon tabarma aka tambaya, sai ya miƙe, ya gyara murya, ya ce, "Ku matsa. Wannan aikin gwamnati ne."

A shekarun da jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, wata rana da damina, Hammawa mai sayen gyaɗa na Rogo ya zo kasuwar Karaye, ya zauna aski a rumfar Ilu wanzami. Fuskarsa duk a yamutse.

Ilu ya ce, "Maigida, saki goshin nan mana, kada aska ta ɗauka kunyar gona ce ta bi."

Hammawa ya ce, "Ina zan ga sakin goshi, Ilu? Kujera uku na kama a jirgin Makka. Ni, da mahaifiyata Inna Barira, da wanda zai kula da ita. Tafiya ta matso, Inna ta ce ba inda za ta."

"Tsoro take ji?"

"Inna? Matar da ta kori kura da taɓarya? Cewa ta yi sai an gaya mata nisan Kano da Jidda ta sama, don ta san guzurin da za ta daka. Na ce akawun jirgi ya ce kwana ɗaya ne. Ta ce Baba marigayi da ya tafi a ƙasa shekara shida ya yi kafin ya ga Jidda, shi akawun da ƙafarsa ya auna? Wallahi duk wanda ya kawo mata awon da za ta yarda ta shiga jirgin nan, kujera ta uku tasa ce."

Ilu ya tsayar da aska. "Ni fa ko ba awo ina da amfani. Wa zai yi maka aski a Mina?"

Ai sai aka ji gyaran murya daga bayan rumfa. Mijinyawa ya ajiye hular da yake ɗinki, ya taɓa fensirinsa, ya fito tsakiya.

"Ku matsa," in ji shi. "Wannan aikin gwamnati ne."

Ilu ya ce, "To, ga Bature ya iso."

"Kai dai yi askinka. Alhaji mai jiran gado, saurara. Mene ne bambancin jirgi da jaki? Jaki yana kwana, yana zagaye, yana kauce wa kududdufi. Jirgi kuwa miƙewa yake sak, ba ya ce wa kowa gafara. Shi ke nan sirrin. To ni zan tashi daga ƙofar gidana in miƙe sak har kasuwar Rogo, yadda jirgi zai yi, ina ƙirga taku. Kowa ya san ta hanya yini guda ne. In na ga abin da hanyar sama ta ba ni, sai in ɗora lissafin a kan shekara shidan marigayi. Nisan Jidda zai fito fes, kamar an wanke."

Hammawa ya ɗago, rabin kansa a aske. Ya ce, "Kamar akwai hankali a ciki."

Ilu ya ce, "Kamar. Ka riƙe wannan kamar ɗin da kyau."

Aka yi alkawari a gaban mutane: ranar kasuwar Rogo, nan da kwana uku, Mijinyawa zai faɗi awonsa a gaban Inna Barira. Mijinyawa ya ce kwana uku ai cin fuska ne, kafin azahar zai isa, sauran kwanakin ya yi su yana koyon Larabci.

Da ya koma gida ya ce wa matarsa Tasalla ta fara kiransa Alhaji, don bakinta ya saba.

Tasalla ta ce, "To, Malam."

"Alhaji na ce."

"Na ji, Malam."

Washegari da sassafe ya ɗaura igiya a ƙugu, wadda zai riƙa ƙulla wa ƙulli ɗaya duk taku dubu. Ya tsaya a ƙofar gida, ya miƙa hannu wajen da Rogo take, ya rufe ido ɗaya, ya ce bismillahi.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu..."

"Salamu alaikum, Mijinyawa! An tashi lafiya?"

Maƙwabcinsa ne, Malam Audu, dattijon da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi har kajin gida.

"Lafiya lau, Malam."

"Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya ƙafar nan ta kwanaki?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ya muka ji da sauro?"

Da aka gama, Mijinyawa ya dubi ƙafafunsa. Huɗu ne, ko bakwai? Ya koma ƙofar gida ya sake. A taku na tara mai koko ta gaishe shi. Ya koma. A na shida liman ya wuce, kuma wa zai ƙi amsa wa liman? Ya koma. Har hantsi ya dubi ludayi Mijinyawa bai wuce inuwar darbejiyar ƙofar gidansa ba.

Sai ya ƙwala kira, "Tasalla! Yafo mayafinki. Ki biyo ni a baya, duk wanda ya gaishe ni ki amsa masa."

"Ni zan amsa gaisuwar maza a bakin hanya?"

"Matar Alhaji ba ta musu."

Tasalla ta dube shi tsaf. Ta shiga, ta ɗauko ƙwaryar fura da buta da allura da zare, don ta san mijinta, ta fito.

Yanzu tafiya ta miƙa. "Sannu, Mijinyawa!" Tasalla daga baya: "Yana amsawa." "Ya gida?" "Ya ce lafiya lau." "Lafiya yake tafiya kamar ya haɗiyi taɓarya?" "Aikin gwamnati yake."

A taku na arba'in da biyu suka iske katangar gidan Malam Audu.

Tasalla ta ce, "Ga lungu nan, taku uku ne."

Mijinyawa ya riƙe lissafinsa da yatsu, ya ce ta gefen baki, "Kin taɓa ganin jirgi ya shiga lungu?"

Ya kama katanga ya hau. Katangar ta sha ruwan damina, ta yi laushi kamar tuwon jiya. Ta tafi da shi gaba ɗaya, ta dire shi a tsakar gida, daidai cikin tukunyar kalwar da Hajo matar Malam Audu ta dafa don daddawa.

Hajo ta saki salati. "Wane la'anannen ne? Mijinyawa! Gidan matan aure, ba sallama?"

"Arba'in da uku," in ji Mijinyawa daga cikin tukunya.

Muciya ta sauka a gadon bayansa.

"Arba'in da huɗu!"

Ta sake sauka.

"Hajo, ki bar duka, kina sa ni tsalle, tsalle ba ya cikin lissafi!"

Tasalla, wadda ta shigo ta ƙofa da sallama kamar mutum, ta durƙusa. "Yaya Hajo, ki yi haƙuri. Jirgi ne."

"Jirgi? To jirgin ya tsaya ya gina mini katanga!"

Jirgi bai tsaya ba. Ya haura katangar baya, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Hajo ta ja mayafi ta bi su, da muciyarta a hannu, ta ce ko Rogo ne sai ta je.

A bakin gari layinsa ya faɗa kan marina. Marina suna zaune suna bugun shuni, suka ga mutum yana nufo rami kai tsaye, ido ɗaya a rufe, yana warin daddawa.

Babbansu ya ce, "Kai, kai, kai! Rami!"

Mijinyawa ya tsaya a bakin ramin, ya auna shi da ido. "Taku biyu ne. Zan haɗa su in yi ɗaya mai faɗi, a rubuta biyu."

Ya buɗe ƙafa. Ƙafar ta kai taku ɗaya da rabi.

Da aka ciro shi da gora, daga gira har tafin ƙafa ya zama shuɗi, irin shuɗin da Buzaye ke so. Fararen idanu kawai ake gani, da fensir.

Babban marina ya ce, "Ka dama mana baba na kwana bakwai!"

Wani daga cikinsu ya ce, "Amma fa ya kama. A buga shi ya yi ƙyalli."

Tasalla ta ce, "An riga an fara bugunsa a gidan Malam Audu."

Marina biyu suka bi bayan Hajo. Da rana ta faɗi, Mijinyawa ya kafa tsinke a inda ya tsaya, ya duba ƙullinsa, ya ce an ci rabin hanya. Daga inda suke ana jin ladanin Karaye sarai, har da tarinsa.

Rana ta biyu suka shiga gonaki. Dawa ta yi tsawo ta rufe mutum, ba a ganin gabas ba a ganin yamma. Mijinyawa ya hau suri, ya hango wani farin abu can nesa, ya ce, "Ga alama. Farin dutse. Shi zan sa a gaba."

Ya sa shi a gaba. Ya ratsa dawa, ya ratsa gyaɗa mai fure, ya tattake yakuwar wata tsohuwa. Duk suri sai ya hau ya sake duba dutsensa. Dutsen nan yana nan fari tas, sai dai kullum kamar ya ɗan matsa hagu.

Tasalla ta ce, "Malam, dutsen nan naka yana da wutsiya."

"Dubu uku da ɗari shida da biyar. Ke me kika sani a kan dutse?"

"Ban san komai ba. Na dai ga yana cin ciyawa."

Wajen azahar suka cim ma dutsen. Farin bijimi ne, ƙato, mai ƙaho kamar an buɗe hannu za a yi addu'a. Mai shi, wani Bafillace Bappa, yana jingine da sanda, ƙafa ɗaya a kan gwiwa. Tun safe yake lura da wani shuɗin abu yana bin sansa.

Bappa ya ce, "Kai aljani ne ko ɓarawo? Faɗi, don in san da wane gefen sanda zan fara."

Mijinyawa ya ce, "Tasalla, amsa masa."

"Ya ce yana gaisuwa. Rogo za mu."

"Rogo?" Bappa ya nuna da haɓa can dama. "Rogo tana can. Nan kun kama hanyar Falgore."

Mijinyawa ya fusata. "Laifin sanka ne! Wa ya ce ya motsa? An sa shi alamar gwamnati!"

"Da ka gaya masa. Shi bai yi makaranta ba."

Bijimin, wanda ya gaji da kallon shuɗi, ya sunkuyar da kai. Abin da ya biyo baya Mijinyawa ya ce ba za a sa shi cikin lissafi ba, don gudu ne, kuma a karkace. Shanun Bappa suka watse cikin gonar wake. Mai waken ya fito da fartanya. Bappa ya ce ba shi zai amsa wannan ba, shuɗin ne. Su biyu suka shiga layi a bayan marina.

Sai da suka koma surin farko, Mijinyawa ya kwance ƙulli uku, aka sake.

Da la'asar layi ya kai su wani ɗan ƙauye, ya tsaya cak a jikin rumbu. Rumbun ƙasa ne, babba, a ɗore kan duwatsu, da 'yar rata a ƙarƙashi.

Mai rumbun ya ce, "Bawan Allah, zagaya mana."

"Jirgi ba ya zagaye."

"To tashi sama."

Mijinyawa ya yi kamar bai ji ba. Ya kwanta rub da ciki ya kutsa ƙarƙashi. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, ciki ya ce shi nan ya sauka. A can ciki kuwa akwai kaza tana kwanci, ba ta kuma gayyaci kowa ba.

"Wayyo hancina! Tasalla! Ku ja ni!"

Maza huɗu suka kama ƙafafu.

"Ba ta baya ba! Ba ta baya ba! Za ku rage mini taku! Ta gaba!"

Suka zagaya suka kama hannuwa. Suka ce haya, suka ja. Mijinyawa ya fito kamar an zare ɓargo daga ƙashi. Wandonsa bai fito ba. Dutse ɗaya ya goce, rumbu ya karkata a hankali, cikin natsuwa, kamar tsoho zai yi ruku'u, ya zubar da gero a kan kazar da ƙwanta.

Matan ƙauyen suka rufe ido da yatsu a buɗe. Tasalla ta zaro wandon da sanda, ta zauna a gindin kuka, ta zura zare a allura.

Wata tsohuwa ta ce mata, "'Yar nan, shekara nawa kina tare da shi?"

"Goma sha ɗaya, Iya."

"Allah ya sa ki a inuwar Al'arshi."

Rana ta uku, ranar kasuwa, jerin da ke bayan Mijinyawa ya kai mutum talatin. Akwai masu ƙara, akwai 'yan kallo, har da wata mai ƙosai da ta ga ciniki ya fi a nan. Wani makiɗin kalangu ya shigo, yana buga masa daidai da taku, Mijinyawa ya ɗauka girmamawa ce ya ƙara ɗaga kai.

Sai ga rafi ya cika ya batse. Mashigi yana nan kusa, ana ganin mata suna tsallakawa ruwa iya gwiwa.

Tasalla ta ce, "Malam, don girman Allah."

"Kin san teku nawa jirgi ke tsallakawa kafin Jidda? Wannan ai fitsarin akuya ne."

Ya shiga. Taku uku ruwa ya kai ƙirji, na huɗu babu ƙasa. Aka ga hula tana tafiya gabas, mai hular yana bin ta a kwance, yana ihu yana haɗiyar ruwa. "Ku riƙe... inda na... tsaya! Ku sa... alama!"

Hajo ta ce, "A sa alama a kan ruwa? Allah ya shirya."

Tasalla ta bi gaɓa da gudu, ta karɓe sandar Bappa, ta maƙalo igiyar ƙugunsa ta jawo shi kamar tarwaɗa. Ruwa ya wanke daddawa da gero, amma shuni ya ce shi ya zo ke nan.

Ana kiran la'asar suka shiga kasuwar Rogo. Hammawa ya sa an shimfiɗa wa Inna Barira buzu a gindin tsamiya, can ɗaya gefen kasuwa. Tsakanin Mijinyawa da tsamiyar nan akwai layin masu tukwane, da masu manja, da mai tsire. Bai kauce wa ko ɗaya ba. Ba sai an faɗi sauran ba, illa dai ya isa gaban tsohuwar da bakin tulu a wuyan ƙafarsa, jerin bayansa kuma ya ninka.

Inna Barira 'yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, da carbi a hannu da goro a kumatu. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Hammawa, wannan ne malamin awon?"

"Shi ne, Inna," in ji Hammawa, murya ƙasa-ƙasa.

"Haka Allah ya halicce shi, ko ado ne?"

Ilu wanzami yana zaune a gefe, tsaf da shi, rigarsa fara, yana shan rake. Ya ce, "Sannu da sauka, matuƙi. Ya sararin sama?"

Mijinyawa bai kula shi ba. Ya kwance igiya, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. "Jama'a, ku shaida! Daga Karaye zuwa Rogo ta hanyar jirgi, ƙulli hamsin da ɗaya, da taku ɗari biyu da..."

Inna ta ɗaga hannu. "Ɗana, ni ban san ƙulli ba. Da ƙulli ake dakan guzuri? Kwana nake tambaya. Kai, mai rake, yaushe ka baro Karaye?"

Ilu ya ce, "Yau da asuba, Inna. Ta hanyar jakuna. Har na tsaya na yi wa mutum biyu ƙaho."

"Yini guda ke nan. Kai kuma, shuɗi, ta hanyar jirgi fa?"

Mijinyawa ya buga ƙirji. "Kwana uku cur, Inna! Ban kauce ko taku ɗaya ba. Ga shaidu nan."

"Mun shaida!" in ji mutum sittin, da murya ɗaya, ba da daɗi ba.

"To ɗora lissafin naka."

Mijinyawa ya zaro fensir daga bayan kunne, ya lasa, ya fara zane a iska. Wannan ne lokacin da ya yi shekaru yana jira. "A ilmance. Ta ƙasa, ɗaya. Ta sama, uku. Wato sama ta ninka ƙasa sau uku. Marigayi, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara shida ta ƙasa. Shida sau uku, ya kama..."

Sai fensir ya tsaya a iska.

Mai ƙosai ta ce, "Sha takwas."

"Sha takwas!" kasuwa ta ɗauka. Makiɗi ya saki kalangu.

Hammawa ya miƙe zumbur. "Shekara goma sha takwas a cikin jirgi? Kai mahaukacin ina ne? Na ce ka lallashe ta, ka zo ka ƙara mata shekara goma sha biyu! Inna, kada ki saurare shi, kwana ɗaya ne!"

Inna ta ce, "Zauna. Akawunka a kan kujera ya faɗi tasa. Wannan kuwa dubi jikinsa. Mutum ba ya yin haka da kansa a kan ƙarya. Na yarda da shi."

Tunda aka haifi Mijinyawa ba a taɓa ce masa an yarda da shi ba. Ya washe baki, haƙora farare a cikin shuɗi. "Kun ji ko? Ilu, ka ji? To Inna, yaushe za mu tashi?"

"Mu wa?"

"Ni da ke da Alhaji. Kujera ta uku."

"In shiga abu mai tashi sama da mutumin da ba ya kauce wa rumbu? In ka ga ƙofa a kan layinka fa?" Ta tofar da goro. "Shekara goma sha takwas ba wasa ba ce. Ina son mai haƙuri, wanda ya iya ɗinki, ya iya ba mutane baki, ya iya ciro mutum daga ruwa. Tun ɗazu nake jin labari. Wace ce mai amsa gaisuwar?"

Aka turo Tasalla gaba, da ƙwarya a ka, ƙafafu duk taɓo. Ta durƙusa.

Inna ta ce, "'Yata, za ki iya shekara goma sha takwas ba ki ga wannan bawan Allah ba?"

Tasalla ta sunkuyar da kai cikin kunya, kamar amarya. Ta ce, "Inna, ko ashirin ne."

Kasuwa ta kece. Hajo ta yi guɗa da muciya a sama. Hammawa, da ya fahimci cewa uwarsa ta ce za ta shiga jirgi, ya koma ya zauna, ya rufe bakinsa da hannu biyu kada wata magana ta fito ta ɓata.

Mijinyawa ya ce, "Ban yarda ba! Matata ce! Sai da iznina!"

Inna ta ce, "Gaskiyarka. To zaɓi. In awonka daidai ne, na yarda da shi, zan tafi, kuma sai da ita. In kuwa shirme ne ka rusa wa mutane katanga a kai, faɗi a gaban kasuwa, kowa ya ji, in koma gida in zauna."

Mijinyawa ya dubi kasuwa. Ya dubi Ilu, wanda ya daina tauna rake don kada ya rasa ko kalma ɗaya. Ya dubi igiyarsa mai ƙulli hamsin da ɗaya.

"Awona," in ji shi, "ba ya ƙarya."

"Ka yarda ta tafi ke nan?"

"Na... yarda."

"Jama'a kun shaida?"

"Mun shaida!" Wannan karon da daɗi.

Nan take aka shiga rabon Mijinyawa. Hajo ta ce katanga biyu, ita ce farko. Marina suka ce zai yi musu kwana bakwai yana dama baba. Mai rumbu ya ce a bar masa shi kafin kaka. Mai wake da masu tukwane suka fara musu a kan wa ya riga wa. Bappa ya ce shi ba ya son komai, a dai hana shi kallon sansa.

Inna Barira ta miƙe, ta dafa kafaɗar Tasalla. "Mu je, 'yata, akwai daka a gabanmu. Hammawa, a kawo gero buhu arba'in, a fara da shi."

Hammawa ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Suna cikin tafiya Mijinyawa ya ƙwace daga hannun Hajo, ya biyo su da bakin tulu yana ƙara a ƙafarsa. Ya rage murya yadda Ilu ba zai ji ba.

"Tasalla. Tasalla! Tsakanina da ke, akawun nan fa wataƙila yana da 'yar gaskiya. Ba za ki daɗe ba, ko? Wa zai dama mini fura? Da gaske sha takwas za ki yi?"

Tasalla ta gyara mayafi, ta waiwayo.

"Ni me na sani, Malam? Kai ka auna."